Tsohon Gini Ma Littafi Ne

Jama'a, wata cuta ta shigo garuruwanmu. Da an sami kuɗi, sai a ɗauko diga a rushe tsohon masallacin ƙasa, a aza bulo da kwano. Wai ginin ƙasa alamar talauci ne. Ban yarda ba. Ku ji labarin wani ƙaramin gari, ku yi hukunci da kanku.

A ƙasar Tunisiya akwai wani tsibiri, wato ƙasar da ruwa ya kewaye, sunansa Jarba. A cikinsa akwai garin Riyad. Nan majami'ar Gariba take, ɗakin ibadar Yahudawa. Masu ita suna cewa kakanninsu sun zo da dutse daga ɗakin ibadar da Annabi Sulaimanu ya gina a Ƙudus. Ginin da ke tsaye yau kuwa na ƙarshen ƙarni na 19 ne.

Daga waje, farin bango ne kawai, ba tsawo. A ciki kuwa ga ginshiƙai, ga bakan gizo irin na soron sarki, an ƙawata bango da shuɗi. A ɗakin ciki ake ajiye Attaura, rubutacciya a fata. Mai shiga sai ya tuɓe takalmi, ya rufe kai.

Yawancin Yahudawan Jarba sun yi ƙaura, saura kaɗan. A 2002 an tayar da bam a ƙofar majami'ar, mutane suka mutu. Duk da haka aka gyara ta, ba a bari ta faɗi ba. A 2023 hukumar UNESCO ta sa Jarba cikin kayan tarihin duniya, har da wannan majami'a.

Wani zai ce, ina ruwanmu da ɗakin Yahudawa? To, ya tambayi malaminsa aya ta 40 a Suratul Hajji. Ta ambaci wuraren ibadarsu tare da masallatai. Kuma ai kunya ce: su ƴan kaɗan sun riƙe nasu, mu masu yawa muna rushe namu.

Ƙasa ba abin raini ba ce. Masallacin Agadas na ƙasa ne, garin ya shiga wannan lissafi na UNESCO tun 2013. Na Yama, a jihar Tawa, Falke Barmu ya fara gina shi a 1962, ya sami kyautar Aga Khan a 1986. Ga sanyi da bazara, lokacin da kwano yake gasa masallata.

Mutanen Gure, in masallaci ya yi mana kaɗan, mu gina sabo kusa da shi. Tsohon kuwa mu yi gayya mu yaɓe shi kafin damina, mu gyara indararo. Ku da kuka koyi rubutu, ku je wurin tsofaffi. Wa ya gina shi? Zamanin wane sarki? Ku rubuta tun suna da rai. Abin da diga ta ci, kuɗi ba su mayar da shi.