Ƙwayar Ajiyar Hatsi Ba Ta Ɗakin Kwana Ba Ce

Idan sinadarin fosfaras ya haɗu da wani nau'in ƙarfe, masana kimiyya suna kiran abin da aka samu fosfayid. Ɗaya daga cikin masu sanyin hali a wannan dangi shi ne fosfayid na baƙin ƙarfe, wanda ake zubawa a tukunyar narka a masana'antun ƙarfe. Garinsa ba ya narkewa a ruwa. Duk da haka ƙa'idar riƙe shi ita ce a ajiye shi a busasshen wuri, nesa da asid, a kuma rufe hanci da idanu saboda ƙurarsa. Da wuya ɗalibi a Sabon Birni ko Isa ya taɓa ganin wannan gari. 'Yan uwansa biyu kuwa suna nan a kasuwannin ƙasar Gobir. Ɗaya shi ne fosfayid na zinki, baƙin garin nan da ake kwaɓawa da abinci don kashe ɓera. Ɗayan shi ne fosfayid na alminiyam, ƙwayar da ake jefawa cikin buhun wake ko dawa, wadda aka fi sani da sunan Phostoxin. Wannan ta biyun bai kamata ta ƙara kwana a ɗaki ɗaya da ɗan Adam ba.

Dalilin yana cikin yadda ƙwayar take aiki. Ita kanta ba ta taɓa ƙwaro. Da zarar an fitar da ita daga gwangwaninta sai ta fara shan laimar da ke cikin iska, tana sakin wata iska mai guba da ake kira fosfin. Ɗaliban ajin kimiyya za su gane lissafin: AlP + 3H₂O → Al(OH)₃ + PH₃. Ƙwaya ɗaya mai nauyin giram 3 tana fitar da giram 1 na fosfin. Wannan adadi kamar ba kome ba ne, sai an tuna cewa iyakar da hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka ta yarda ma'aikaci ya shaƙa ita ce kashi 0.3 cikin miliyan na iskar wurin aikinsa. Ƙwaya guda a rufaffen ɗakin ƙasa tana iya ninka wannan iyaka sau da yawa.

Fosfin tana ratsa buhun algarara, tana bi ta tsagar bango da ƙarƙashin ƙofa. Ta ɗan fi iskar da ake shaƙa nauyi, saboda haka yaran da ke kwance a tabarma a ƙasa su ne a bakin haɗari. In ta shiga jiki sai ta hana ƙwayoyin halitta amfani da iskar oksijin, zuciya ta raunana, huhu ya tara ruwa. Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, amai da nauyin ƙirji, abubuwan da uwa za ta ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko ɓacin ciki. Warin tafarnuwa ko na ruɓaɓɓen kifi da akan ji ba abin dogaro ba ne, domin hanci yakan saba da shi, mai barci kuma ba ya jin wari. Har yau babu makarin wannan guba. Manja da madara da ake ɗura wa mutum ba su karya ta.

A watan Janairu na 2017, a garin Amarillo na jihar Texas a Amurka, an zuba irin wannan magani ƙarƙashin wani gida. Da wari ya dami mutanen gidan sai aka kwara ruwa don a wanke shi. Ruwan ne ya tayar da iskar gaba ɗaya, yara huɗu suka rasu. Kafin nan, a 2010, mutuwar wasu 'yan mata biyu a jihar Utah ta sa hukumar muhalli ta ƙasar ta haramta amfani da maganin kusa da gidajen zama. Can ke nan, inda asibiti yake kusa. Daga ƙauyukan da ke kewaye da kufan Alkalawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato tafiya ce ta sa'o'i.

Yanayin ƙasar Gobir yana ƙara wa lamarin muni ta fuska biyu. Ana killace amfanin gona ne a kaka zuwa hunturu, lokacin da iska ta bushe. A busasshiyar iska mai sanyi ƙwayar tana jinkirin ruɓewa, sai ta daɗe tana tsiyayar da guba a daidai watannin da ake toshe ƙofa da taga saboda ɗari. Tokar da ta bari ma akan sami ɓurɓushin da bai gama aiki ba, wanda zai farka in an yayyafa ruwa za a yi shara. Ta biyu ita ce rashin tsaro. Tun wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga suka addabi Sabon Birni da Isa, aka ƙone rumbuna, dubban mutane suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi. Wanda ya ga an ƙone rumbun maƙwabcinsa ba za a ga laifinsa ba in ya shigar da buhunansa ɗaki. Sai dai rumbun kakanni a waje yake, iska tana kewaya shi. Ɗaki kuwa da mutane a ciki.

Manomi yana da hujjarsa, kuma ba ƙaramar hujja ba ce. Ƙwarin wake suna iya mai da buhu guda gari cikin 'yan watanni. Ƙwayar tana da araha. In an yi aiki da ita bisa ƙa'ida, ba ta barin dafi mai yawa a jikin hatsi, saɓanin maganin feshi na diklobos wanda ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015. Amma ƙa'idar tana nufin ma'ajiyar da ba ta yoyon iska, wadda ke nesa da wurin kwana, a rufe ta mako guda, a buɗe ta sha iska, a binne tokar nesa da rijiya, kuma mai horo ne zai yi aikin da safar hannu. Wanda ya sayi ƙwaya biyu ƙulle a leda ba a faɗa masa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ƙari a kan haka, gubar da ta tsere ta ramukan buhu ba ta isa kashe ƙwarin duka, waɗanda suka tsira su haifi masu jure mata.

Akwai hanyar da ba ta buƙatar guba. Buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ɓullo da shi, aka kuma fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, leda biyu ne masu kauri cikin buhu na uku. In an ɗaure kowace da kyau, ƙwarin suna shanye oksijin da ke ciki, su daina ci da haihuwa, su mutu. Masu bincike na cibiyar INRAN a Maraɗi, ƙetaren iyaka kaɗan, sun gwada shi a kan wake sun tabbatar da ingancinsa, ana kuma ƙera shi a Kano. Jarka ko duro mai murfi da aka cika taf suna yin aiki iri ɗaya. Irin wannan ajiya ita ce za ta iya kwana a ɗaki.

Haƙƙin hukumar NAFDAC da ma'aikatar gona ta jihar Sakkwato ne su hana sayar da ƙwayar ɗai-ɗai. Kafin hakan ta tabbata, malamin kimiyya ya fi kowa kusa da gidajen. Kwalba biyu na wake mai ƙwari, ɗaya a toshe ɗaya a rufe da ƙyalle, sun isa darasin wata guda ba tare da an shigo da guba aji ba. Ya kamata kuma kowane ɗalibi ya san abin yi in mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da amai da jiri bayan an sa wa hatsi magani: a fitar da kowa sarari, a bar ƙofa a buɗe, kada a zuba ruwa a kan ƙwayar, kada a tilasta wa wanda ya haɗiye ta yin amai, a garzaya asibiti mafi kusa a faɗa wa likita sunan maganin.