FAGEN WASANNI: Kantu na Maraɗi da Takobin Farko

Duk wanda ya taɓa shiga filin kokawa na birnin Maraɗi ya san sunan da aka raɗa wa filin, watau Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu. Yawancin samarin da ke cika wurin yau ba su ga kokawarsa da idonsu ba, amma ba ka raba bakinsu da sunansa.

Kafin zamaninsa kokawa wasan kaka ce. In an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, sai samarin wannan ƙauye su ɗauki makaɗansu su tasar wa na wancan, a yi ta kaye a dandali har dare ya raba. Gwani ya yi suna a karkararsu, daga nan labarinsa ya tsaya. A cikin 1975 ne gwamnatin Saini Kunce, wadda ta karɓi mulki a 1974, ta tara 'yan kokawar jihohin Nijar a garin Tawa, aka ce wanda ya gama ba a kayar da shi ba shi zai tafi da takobi. Kantu ne ya tafi da shi.

Lalle ƙarfi da dabara sun yi aikinsu, amma su kaɗai ba su kai mutum inda Kantu ya kai. Ya sami abokan karawa waɗanda suka isa, irin su Salma Ɗan Rani na Doso da Kadade na Tawa, kuma kowa ya san ba a gane namiji sai ya gamu da namiji. Ya sami rediyo mai kai labarin kaye har cikin bukkoki, ga mawaƙa suna zuga shi. Uwa uba, ya sami fage guda wanda ƙasa duka ke zuba wa ido.

Irin hanyar nan judo ta bi. Jigoro Kano, wanda sunansa ba shi da dangantaka da birnin Dabo, ya tattara dabarun kaye na Japan a 1882 ya tsara musu dokoki, har wasan ya shiga Olamfik a 1964. Da haka ne ƙaramar ƙasa kamar Armeniya ta fid da Armen Nazaryan, zakaran Turai na 2005 a ajin kilo 60.

A Nijar takobin bai tsaya a kan Kantu ba. Jihohi takwas kan aiko da mutum goma-goma, kuma a ƙarshen 2023 Isaka Isaka na Doso ya ɗauke shi karo na shida a Agadas. A wannan gefen iyaka kuwa, saurayin da ke kayar da tsaransa a Suleja ko Argungu ba shi da wani takobi guda da Nijeriya duka ke tsayawa ta ga wa zai ɗauka, sai dai ya jira wasan salla ko bikin kamun kifi.