Kujera da rantsuwa: tsakanin ɗan Maine-Sorowa da alƙalai bakwai

A bakin Kumadugu, tun daga Maine-Sorowa zuwa Difa, har a gangara Boso inda kogin yake faɗawa tafkin Cadi, da wuya a ambaci sunan Tanja Mamadu ba a haɗa da addu'a ba. Ɗan gida ne. A Maine-Sorowa aka haife shi cikin shekarar 1938, can kuma aka mai da shi makwanci bayan ya rasu a Yamai ranar 24 ga watan Nuwamba na 2020. Tsofaffin ma'aikata ba su manta da shekarun da ake yin wata biyu, wata uku ba a ga albashi ba. A zamaninsa ne ƙarshen wata ya koma ƙarshen wata. Mutanen ƙauye kuwa har gobe suna nuna ajin makaranta, da ɗakin shan magani, da rijiyar da aka yi musu cikin shirinsa na musamman. Duk wannan gaskiya ne, ba mai musu.

Amma akwai wata rana cikin mulkin nasa wadda ba a cika son tada zancenta a wannan yanki ba, ita ce ranar 29 ga watan Yuni na 2009. A ranar ne mutum bakwai suka wayi gari da aikinsu, kafin dare ya raba an karɓe shi. Ba su ci kuɗin kowa ba, ba su yi fashin aiki ba. Laifinsu kawai shi ne an nemi su ce i, suka ce a'a.

Ga yadda abin ya faru. Tsarin mulkin Jamhuriya ta biyar, wanda aka amince da shi a 1999, ya ba shugaban ƙasa wa'adi biyu na shekara biyar-biyar, ba ƙari. Wannan yana cikin aya ta 36. Waɗanda suka rubuta shi sun san halin kujera, don haka suka ƙara aya ta 136, wadda ta hana a taɓa waccan ko da wane irin dalili. An zaɓi Tanja a 1999, aka sake zaɓensa a 2004, ke nan ranar 22 ga watan Disamba na 2009 ya kamata ya miƙa mulki ya koma gida. To, sai ga manyan ayyuka sun taho a jere dab da ƙarshen wa'adin: madatsar ruwa ta Kandaji, gada ta biyu a Yamai, ma'adinin yuraniyom na Imuraren, da kuma wanda ya fi taɓa zuciyar mutanen Manga, wato man fetur na Agadem, a cikin jihar Difa, wanda aka ƙulla yarjejeniyar haƙo shi da kamfanin CNPC na ƙasar Sin a 2008. Cikin watan Oktoba na wannan shekara aka aza harsashin matatar mai ta Damagaram. Tun daga lokacin kalmar tazarce ta cika gari: wai a bar tsoho ya ƙarasa abin da ya fara, a ƙara masa shekara uku.

Kada mai karatu ya ɗauka duk masu wannan kira maroƙa ne. Akwai talakawa da yawa da suka faɗe shi da zuciya ɗaya, musamman a gabas, inda aka daɗe ana ganin cewa Yamai, mai nisan fiye da kilomita 1.300, ba ta tunawa da Difa sai ranar zaɓe. Ga ɗansu bisa kujera, ga mai zai fito daga ƙasarsu. Wa zai so a sauke tukunya daga murhu tana cikin tafasa?

Matsalar ita ce doka ba ta san tafasar tukunya ba. Mashawartan shugaban suka nemo dabara: aya ta 49 ta ba shi ikon kiran ƙuri'ar raba gardama a kan kowane zance, ban da gyaran tsarin mulki. Suka ce ai su ba gyara za su yi ba, sabon tsari za su kawo gaba ɗaya. Wato an hana mutum ya huda bango, sai ya ce shi ba hudawa zai yi ba, rushe ɗakin zai yi.

A nan ne zance ya iso gaban Kotun Tsarin Mulki. Mutum bakwai ne a cikinta: alƙalai biyu da ƴan uwansu alƙalai suka zaɓa, lauya guda, malamin shari'a na jami'a guda, wakilin ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam guda, sai mutum guda daga majalisar dokoki da guda daga shugaban ƙasa. Shugabarsu ita ce Madam Salifu Fatimata Bazeye, tsohuwar alƙaliya wadda ta yi shekaru tana zaman kotuna kafin a kawo ta wannan wuri a 2007. Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne, Tanja da kansa ne ya gabatar da sunanta. A al'adar ƙasar nan an san abin da ake jira daga wanda aka yi wa irin wannan alheri. Bakin da ya ci, shi ke godiya.

Ranar 25 ga watan Mayu na 2009 kotun ta ba da ra'ayinta, bisa tambayar da wasu ƴan majalisa suka yi mata: shugaban ƙasa ba shi da ikon kiran wannan ƙuri'a, in kuwa ya yi, ya saɓa rantsuwar da ya yi. Washegari ya rushe majalisar dokoki. Ranar 5 ga Yuni gwamnati ta fitar da dokar kiran jama'a zuwa zaɓe, ranar 12 ga wata kotun ta soke ta. Wannan karon hukunci ne, ba shawara ba, kuma tsarin mulki ya ce hukuncin wannan kotu ba a ɗaukaka ƙara a kansa, ya hau kan kowa, farar hula da soja. Shugaban ya nemi su sake dubawa. Ranar 26 ga wata suka ce suna nan kan bakansu. A daren ranar ya ba da sanarwar cewa ya ɗauki ikon musamman na aya ta 53, wadda aka tanada domin lokacin da ƙasa ta shiga babban haɗari. Bayan kwana uku ya dakatar da ayoyin da suka ce ba a tuɓe alƙalan kotun kafin cikar shekarunsu shida, ya sallame su duka.

Kwana talatin da biyar ke tsakanin a'a ta farko da ranar sallama. A wannan tsakani ne darajar mutanen take. Mutum yana iya cewa a'a sau ɗaya cikin zafin rai, ko don bai san abin da zai biyo baya ba. Su kuwa sun ga an rushe majalisa mai wakilai 113 da sa hannu guda, sun san cewa wanda bai ji nauyin majalisa ba, ba zai ji nauyin mutum bakwai ba. Sau uku aka buɗe musu ƙofar da za su bi su tsira da kujera, da mota, da mai gadi, kuma da sun bi ta ba za su rasa hujjar da za su rubuta ba, don malamin shari'a ba ya rasa aya. Sau ukun suka ƙi. Su ma, kamar shugaban, sun ɗora hannu bisa littafi mai tsarki ranar da suka kama aiki. Rantsuwa iri ɗaya ce ta haɗa su da shi, ita ce kuma ta raba su.

Sauran labarin sananne ne. An naɗa wata kotun, aka yi ƙuri'a ranar 4 ga watan Agusta, aka ce kashi 92 cikin ɗari da ƴan kai sun amince, ƴan adawa kuwa sun ƙaurace. CEDEAO ta dakatar da Nijar cikin watan Oktoba. Ranar 18 ga watan Fabrairu na 2010 sojoji ƙarƙashin Salu Jibo suka kutsa fada ana tsakiyar taron ministoci. Shekara ukun da aka nema, ko wata biyu ba a ci daga cikinsu ba. Sojojin suka kira Madam Bazeye ta shugabanci majalisar tsarin mulki ta riƙon ƙwarya. Ita ce ta tabbatar da sakamakon zaɓen 2011, a gabanta kuma Mahamadu Isufu ya yi rantsuwa ranar 7 ga watan Afrilu. Jaridar Daily Trust ta Najeriya ta zaɓe ta gwarzuwar Afirka ta wannan shekara. Matatar Damagaram, wadda aka ce ba za ta ƙaru ba sai da tazarce, an buɗe ta cikin watan Nuwamba na 2011, man Agadem ya bi bututu ya isa, wani shugaban ne ya yanke ƙyalle.

Irin wannan ƙarshe yana da daɗin ji, kuma a nan ne yake iya ruɗin mutum. Ƴan kasuwar da ke zuwa Kano sun san wani makamancinsa: Sanusi Lamido Sanusi, wanda shugaba Goodluck Jonathan ya dakatar daga shugabancin Babban Bankin Najeriya cikin watan Fabrairu na 2014, bayan ya yi ƙorafin cewa dala biliyan 20 na kuɗin mai ba su shiga baitulmali ba. Wata huɗu bayan haka ya zama Sarkin Kano. Mai sauraron waɗannan labarai biyu sai ya zaci duk wanda ya rasa kujera don gaskiya, wata kujerar tana jiransa a gaba. Ga manya wani lokaci haka ne. Duniya tana kallonsu, gidajen rediyo suna kiran sunansu, faɗuwarsu ma labari ce.

Ƙaramin ma'aikaci a Difa ba shi da wannan gata. A dubi inda yake aiki. Kwarin Kumadugu ƙasar tattasai ce, wanda ake wa kirari da jan zinariyar Manga. Kafin 2015 akan noma kimanin tan dubu goma a shekara, mafi yawansa kuma Najeriya yake tafiya, ta Damasak zuwa Maiduguri. Ga banda ta kifin tafki, ga dabbobi, ga man fetur da takin zamani masu shigowa daga ƙetaren kogi, ga naira da sefa suna canza hannu a rumfa ɗaya. Duk inda dukiya take ƙetare iyaka akwai takarda, duk inda takarda take akwai mai sa hannu. Ɗan duwan da aka ce ya rubuta buhu hamsin alhali ɗari ne a mota. Malamin gona da aka ce ya sa sunayen da ba su da ko kunya guda cikin jerin masu karɓar taki. Magatakardan da aka miƙa wa takardar aikin da ba a yi ba, aka ce ya buga hatimi, daga sama aka ce. Bayan harin Boko Haram a Boso da Difa ranar 6 ga watan Fabrairu na 2015, da dokar ta-ɓaci da ta hana hawan babur ta kuma tsayar da cinikin tattasai da kifi, sai ga wata jarrabawar ta ƙaru: dubban ƴan gudun hijira sun zube a gefen babbar hanya, ga buhunan taimako, ga jerin sunaye, ga mai riƙe da alƙalami.

Wanda ya ƙi a irin waɗannan wurare ba a cika korarsa da takarda ba, don dokar aikin gwamnati ta sa korar cikakken ma'aikaci tana da wuya. Akan ɗauke shi ne daga wurin, a tura shi inda ba kowa, ko a ba shi tebur da kujera ba tare da ko fayil guda ba, ya yi ta karatun jarida har ritaya. Ɗan kwantaragi kuwa, nasa ya fi sauƙi ga mai korar: wa'adi ya cika, ba a sabunta ba, shi ke nan. Ba wanda zai rubuta cewa don ya ƙi sa hannu ne.

Abin da ya fi canjin wurin aiki ciwo shi ne komawa gida. Albashin ma'aikaci guda a wannan ƙasa baki goma ne ko ashirin ke jiransa. Ƙanen da ake biya wa makaranta, gwaggon da ake saya wa magani, surukin da ya sa rai da kujerar Makka, ba ɗayansu da ya yi rantsuwa, amma duk da su za a biya kuɗinta. Ba a rasa dattijon da zai kira shi gefe ya ce masa kowa ya samu rana sai ya yi shanya, kai wane ne da za ka gyara duniya? Maganar tana da zafi domin mai yin ta ba maƙiyi ba ne, kuma ba ƙarya ya yi ba game da buhun hatsin da ya ƙare. Wanda bai taɓa tsayawa gaban irin wannan dattijo ba, bai kamata ya yi saurin zagin ma'aikacin da ya sunkuyar da kai ya sa hannu ba.

Ƴan kasuwa ma suna da nasu kaso a wannan zance, ko da ba su so a faɗa. Alhajin da ke kukan cewa shingaye sun yi yawa tsakanin Difa da Damagaram, sau da yawa shi ne kuma mai kai ƙarar sabon jami'in da ya ƙi karɓar na goro, wai yana da taurin kai, yana ɓata wa mutane lokaci. Da a ce ranar da aka ɗauke irin wannan jami'i manyan kasuwa sukan taru su je wurin gwamna su ce a bar musu shi, kamar yadda sukan taru in an ƙara kuɗin fito, da lissafin masu ɗauke shi ya canza. Ba a saba jin an yi hakan ba. Akan ce Allah sarki, mutumin kirki ne, sannan a tambayi sunan wanda ya gaje shi da kuma abin da yake so.

Tanja ya yi wata goma sha biyar a tsare, da farko a wani gidan gwamnati a Yamai, daga baya a gidan kason Kollo, aka sake shi cikin watan Mayu na 2011. Jama'a suka tarbe shi da murna, kuma da ya rasu ƙasa ta yi zaman makoki na kwana uku. Madam Bazeye ta gama aikin riƙon ƙwarya ta koma gefe, sunanta ya shiga littattafan ɗaliban shari'a. Sauran shidan da suka zauna tare da ita, suka ce a'a sau uku tare da ita, aka kuma sallame su rana ɗaya da ita, in aka zaga kasuwar Difa ranar Talata tun daga rumfunan tattasai har zuwa tashar mota, da wuya a samu mai iya kawo sunan ko mutum guda daga cikinsu.