Kiwon Lafiya: Awon Jini A Ɗakin Tiyata

Duk wanda aka kwantar a gadon tiyata aka sa shi barci, ba shi da bakin da zai ce jiri ya kama shi ko numfashi ya yi masa wuya. Ga shi kuwa maganin sa barci yakan saki jijiyoyin jini, ƙarfin gudun jini ya sauka, zubar jini wajen yanka ta ƙara saukar da shi. Idan aka daɗe a haka ba a farga ba, ƙoda da zuciya da ƙwaƙwalwa sukan cutu. Dalili ke nan da ya sa likitoci suka nemi hanyar sanin halin da jini ke ciki ba tare da an huda jijiya ba.

A shekarar 1896 wani likita ɗan Italiya, Riva-Rocci, ya fito da ɗaurin nan da ake naɗawa a damtse a hura masa iska. Harvey Cushing, likitan tiyata na Amurka, ya gan shi a 1901, ya kai shi ɗakin tiyata a ƙasarsu. A 1905 kuma Korotkoff na Rasha ya nuna yadda ake sauraron bugun jijiya a gane lamba ta sama da ta ƙasa, kamar 120 bisa 80. Daga baya aka ƙera na'urar da ke hura ɗaurin da kanta, ta nuna lambobin a allo.

Akwai kuma ɗan maƙalen da ake sa wa a yatsa, wanda Takuo Aoyagi na Japan ya gano dabararsa a shekarun 1970. Haske yake aikawa ta cikin yatsa, ya auna iskar oksijin da ke cikin jini tare da bugun zuciya.

Tun 1986 likitocin sa barci na Amurka suka kafa ƙa'ida cewa a riƙa auna ƙarfin jinin majinyaci aƙalla kowane minti 5. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa maƙalen yatsa cikin abubuwan da za a tabbatar kafin a sa mutum barci.

To, wajibi ne hukumomin asibitocinmu su tanadi waɗannan kayan, da batir saboda ɗaukewar wuta, da ɗaurin hannu na ko-ta-kwana. Mace mai haihuwa ta hanyar tiyata, wadda aka yi wa allurar ƙashin baya, jininta na iya sauka cikin 'yan mintoci. Awon nan ne zai faɗakar da likita ya ƙara mata ruwa ko magani.

Shi ma majinyaci yana da nasa aikin. Ya gaya wa likita in yana da hawan jini, da irin maganin da yake sha, har na gargajiya. Mata su goge jan farce, su kuma kauce wa baƙin lalle a yatsu gab da tiyata, domin suna iya rikita awon. Allah ya ba mu lafiya.