Wa Ya Makara, Inna Ko Hukuma?



Oktoba ya sake zagayowa. Za mu sake ganin manya a Yamai da huluna da gyale ruwan hoda, a yi tattaki, a sha lemu, a ɗauki hotuna a zuba a Facebook. Kuma za a sake maimaita maganar da ta fi ƙona mini rai, wai matsalar sankarar mama a Nijar ita ce matan karkara suna zuwa asibiti a makare, saboda jahilci da bin bokaye. To yau ina so mu zauna mu ƙirga kwanaki, mu ga wa ya makara.

Ƙanwar mahaifiyata, da muke ce wa Inna, a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Bangi take aure. Ana tsakiyar girbin hatsi ta kira ni ɗaka, ta kama hannuna ta aza a nononta na hagu, ta ce, "Ɗiyata, ke da kinka yi lakwal, taɓa ki hwaɗa mini, mi na wanga?" Ƙululu ne da bai kai ƙwallon aduwa ba, ba zafi, ba ƙaiƙayi. Ba ta je wurin boka ba. Kwana uku tsakani muna gaban majo. Bawan Allah ya duba, ya ce wannan sai an yi hoto, ya rubuta mana takarda.

A gari na farko aka ce mai yin ekogarafi ya yi tafiya, mu dawo bayan sati biyu. Muka dawo, aka yi, aka ce ƙululun nama ne ba ruwa ba, sai an yi mamogarafi an kuma tsakuri naman an auna. A gari na biyu na'urar ta lalace, ana jiran mai gyara daga waje. Muka koma gida, mijinta ya jira albasa ta yi kuɗi, ya haɗa da tumaki biyu, sannan muka kama hanyar Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500. Can ma je ka dawo, je ka dawo, sannan jiran sakamakon naman. Ranar da aka ba mu takardar ƙarshe, an riga an yi ruwan shuka. Wata takwas ke nan, ciwon ya kai hammata. Likitan ya dube ta ya ce, "Iya, me ya zaunar da ke har haka?" Wallahi Inna sunkuyar da kai ta yi, ta ce, "Yi haƙuri, likita." Ita ta ba da haƙuri. Ba ta ga kakar da ta biyo ba, Allah Ya jiƙan ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirinta na yaƙi da sankarar mama a 2021, kuma cikin ginshiƙansa uku akwai wannan: daga ranar da mace ta kai kanta asibiti, a gama duba ta, a yi hoto, a auna nama, a gaya mata abin da ke damun ta cikin kwana 60. Inna ta kai kanta cikin kwana uku. Tsarinmu ya ci wata takwas. Ku faɗa mini wa ya makara.

Bari mu warware waɗannan sunaye, don ana yawan tsoratar da talaka da su. Mamogarafi hoton radiyo ne mai ƙarancin haske, ana matse nono tsakanin faranti biyu a ɗauka, yana iya nuna ƙananan ɗigo-ɗigon alli da hannu ba ya ji. Amma ga mace mai ƙarancin shekaru, wadda naman nononta ke da kauri, sau da yawa hoton yakan fito fari fat, ƙululun ya ɓuya a ciki. Ekogarafi kuwa, irin wanda ake yi wa masu ciki, da amon sauti yake aiki, babu hasken radiyo, kuma shi ke rarrabe jakar ruwa da ƙululun nama. Da shi ake jagorantar allura a tsakuro naman. Awon naman nan shi kaɗai ke yanke hukunci ko sankara ce. Kuma mata ku ji da kyau, mafi yawan ƙululun nono ba sankara ba ne. Hoto na ceton mai ciwo, yana kuma kwantar da hankalin wadda ba ta da shi.

Shi ya sa ban yarda da bikin shekara-shekara ba. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce inda tsarin lafiya ke da rauni, abin da za a fara sa wa gaba shi ne saurin gano ciwon macen da ta riga ta ji alama a jikinta, ba tara lafiyayyu ana yi musu mamogarafi ba. Mu kuwa mun juya abin. Mukan tara mata rana guda, a taɓa, a ce wa wasu "akwai abu, ki je Yamai", a naɗe rumfa a tafi. An bar ta da tsoro da takarda a ƙullin zane. Wannan ai tayar da ƙura ne, ba taimako ba.

Ba mata kaɗai wannan makanta ke ci ba. A bencin da muka yi ta zaman jira da Inna na haɗu da wani dattijo daga wajen Buza, tare da ɗansa saurayi mai fitsarin jini tun yana ƙarami. Duk wanda ya tashi kusa da tabki ko madatsar ruwa a ƙasar Adar da Gobir ya san tsargiya. Wasu ma cewa suke alamar balaga ce. Ba balaga ba ce, tsutsa ce da ke shiga fata a cikin ruwa, ta zuba ƙwai a jikin mafitsara. In aka daɗe, mafitsarar ta yi kauri, bututun da ke sauko da fitsari ya tsuke, fitsari ya koma sama ya kumbura ƙoda. Cibiyar binciken sankara ta duniya ta sa wannan tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar mafitsara. Tun 2004 ake rabon ƙwayar farazikwantal a makarantun Nijar, abu ne mai kyau, amma ƙwaya na kashe tsutsa ne, ba ta nuna ɓarnar da aka riga aka yi. Ƙara da tsakuwar ƙoda, wadda zafin ranarmu da ƙarancin shan ruwa ke taimaka wa.

Ga abin takaici. A watan Oktoba na 1996 masana daga ƙasashe daban-daban suka taru a Yamai suka tsara yadda za a riƙa duba ɓarnar tsargiya da ekogarafi, har a ƙauye, da na'urar tafi-da-gidanka. Har yau a duniya da sunan Yamai ake kiran wannan tsari. Sunan babban birninmu yana cikin littattafan likitoci, amma saurayin Buza sai da ya bar gona ya zo ya kwana a benci kafin a leƙa mafitsararsa.

Abin da ya zaunar da su kuwa ruwan haska hoto ne. Ƙoda da bututun fitsari ba sa fitowa sosai a hoton radiyo, don haka ake ɗura wani ruwa mai sinadarin aidin a jijiya. Ƙoda ta tace shi, ya bi hanyar fitsari, a riƙa ɗaukar hoto yana tafiya, duk inda ya tsaya an san nan ne toshewar. Tun 1929 aka fara wannan a Jamus, yanzu kuma galibi da sikana ake yi. Ruwan ba na wasa ba ne. Mai raunin ƙoda yana iya ƙara masa rauni, shi ya sa ake fara awon jini a ga ƙarfin ƙodar. Wani kuma jikinsa na iya ƙin sa nan take, dole a ajiye allurar ceto a kusa. Haka shi ma gadoliniyam, wanda ake amfani da shi a hoton maganaɗisu na nono, ana taka-tsantsan da shi ga wanda ƙodarsa ta gaza. Shi dattijon nan takarda aka miƙa masa aka ce ya je ya sayo a farmasi. Ya yi yawon gari bai iya karanta sunan ba, inda ya samu kuma kuɗinsa ba su kai ba. Alhali irin wannan ruwa, iyoheksol, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. A 2022, da kullen korona ya tsayar da wata masana'antarsa a Shanghai, asibitocin Amurka sun yi ta kururuwa don sun yi ƴan watanni suna tsimi. Abin da suka kira bala'i, mu shi ne zaman yau da kullum.

Za a ce mini ai hukuma ta yi ƙoƙari. Ban musa ba. Tun 2007 doka ta ce kula da sankarar mama da ta mahaifa kyauta ce a asibitocin gwamnati. A watan Maris na 2021 aka buɗe sashen gashin sankara a cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa a Yamai. A watan Agusta na 2024 aka zabge rabin kuɗin asibiti, har da na hoto, aka kuma soke jika 150 da ake karɓa kafin a fara wankin ƙoda. Mun gani, mun yaba. Amma ganin Dala ba shiga birni ba ne. Kyautar magani sai ga wadda aka gano ciwonta. Rabin kuɗin hoto a na'urar da ta lalace nawa ne? Kuɗin mota, da abincin mai jinya, da gonar da aka bari, wace doka ta zabge su? Kuma wane hankali ne a sauƙaƙa wankin ƙoda a bar hoton da zai hana ƙodar mutuwa?

Za a ce babu kuɗi, ga matsalar tsaro. Mu mutanen bakin iyaka ba za a ba mu labarin tsaro ba. Amma tun 1971 ake haƙo yuraniyam a Arlit ana haska biranen wasu, sai bayan shekara 50 ƙasar ta samu wurin gashin sankara na farko. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi. Yau akwai na'urar ekogarafi da ake saƙala wa wayar hannu, farantin hasken rana ya ishe ta, kuɗinta bai kai na motar ofis guda ba. Za a ce babu ƙwararru. Su ƙwararrun daga sama suke faɗowa? Ana koya wa likita da ungozoma duba ciki, me zai hana a ƙara musu duba nono da mafitsara, su tura hoton ta waya ga ƙwararre a Tawa ko Maraɗi ko Yamai? In zancen ƙasa ne, to nonon Inna da ƙodar saurayin Buza su ma ƙasa ne.

Mu ma muna da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Akwai mijin da ke hana kuɗin mota, akwai wanda ba ya yarda namiji ya duba matarsa, akwai ƙululun da ake kai wa wanzami ya tsaga. Wannan aikinmu ne mu yaƙe shi a majalisa da masallaci da gidan suna. Sai dai ku sani, da yawa ba sa zuwa wurin mai magani sai sun ga maƙwabciya ta sayar da dabbobinta ta dawo hannu rabbana. Boka na cin kasuwa ne a inda asibiti ya gaza.

Ga abin da muke nema. Na farko, asibitocin gundumomin Madawa da Buza da Keita kowanne ya kasance da ekogarafi mai aiki, da kan da ake duba nono da shi, da aƙalla ma'aikata biyu da suka iya, don tafiyar mutum ɗaya kada ta rufe ƙofa. A kuma samu ta tafi-da-gidanka da za ta riƙa zuwa manyan asibitocin CSI irin na Bangi ranar kasuwa. Na biyu, a riƙa tsakurar nama a cikin jihar Tawa, naman ya yi tafiya, mace ta zauna gida, sakamako ya zo wa majo ta waya, a kuma rubuta ranar zuwa da ranar sakamako a ga ko an cika kwana 60. Na uku, ruwan haska hoto da awon ƙoda su shiga cikin kuɗin hoton, a same su a farmasin asibiti, a daina tura mai jinya yawon gari. Na huɗu, kada a sake sayo na'ura ba tare da yarjejeniyar gyara da horar da masu gyara ƴan ƙasa ba, kuma duk wata uku hukumar lafiya ta jiha ta sanar a rediyo wace na'ura ke aiki, wace ce ta tsaya, don kada talaka ya biya kuɗin mota ya je ya tarar da ƙyalle a kanta.

Ku kuma ƴan uwa, duk wanda ya taɓa raka mara lafiya neman hoto, ya zauna ya rubuta: ranar da aka fara zuwa asibiti, ranar da aka yi hoto, ranar da sakamako ya fito, da abin da aka sayar. Ba sai an sa suna ba. Ku kawo mana a taronmu na gaba, mu haɗa mu kai wa parfe da gwamna. Ke kuma ƴar uwa, in kin ji ƙululu kada ki jira ya yi zafi. Kai ma in ka ga jini a fitsarin ɗanka, kai shi asibiti. Ku je da wuri kamar yadda Inna ta je, mu kuma mu tsaya tsayin daka sai an duba ku da wuri.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.