Filash ba rumbu ba ne

1/ Ɗalibai masu rubuta furojet, masu ɗaukar hoton biki, da duk wanda ya tara rayuwarsa a memori ɗaya, ku matso. Magana ɗaya ce: duk fayil ɗin da ke wuri ɗaya tal, ba a ajiye yake ba, ranar ɓatansa yake jira. 🧵

2/ Kwamfuta da waya ma'ajiya biyu gare su. RAM kamar faifan tankaɗe ne, a kansa ake aiki, ana kashe na'ura komai ya zube. Ta biyun ita ce inda kaya ke kwana: HDD, SSD, filash, memori, faifan CD. Kowanne da irin mutuwarsa.

3/ HDD faranti ne a ciki, yana juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, ga wani ɗan hannu yana karantawa dab da fuskarsa. Laftof ta faɗi yana cikin juyawa, sai addu'a. In ka fara jin ƙas-ƙas daga ciki, kwashe kayanka yau, ba gobe ba.

4/ SSD ba abin da ke motsi a cikinsa, shi ya sa ya fi sauri, ya fi jure faɗuwa. Amma shi ba ya ƙas-ƙas. Sau da yawa lafiya lau za ku rabu da dare, da safe kwamfuta ta ce ba ta san shi ba. Ceto kaya daga cikinsa kuma ya fi na HDD wuya.

5/ Filash da memori dangin SSD ne, amma ƙannensa ne na arha. Da ɗan cajin lantarki suke riƙe bayani a ƙananan ɗakuna. Kowane ɗaki yana da iyakar rubutu da gogewa, cajin kuma yana zurarewa in aka jefa su durowa shekara da shekaru.

6/ Ga kuma jabu. Memori an rubuta 128GB, kuɗinsa kamar kyauta, alhali cikinsa bai wuce 8GB ba. Waya za ta nuna maka 128 ɗin, amma da ya cika sai sabo ya hau kan tsoho ko ya tafi iska. Sunan hoto na nan, ka taɓa ya ƙi buɗewa.

7/ Ka gwada sabon memori da H2testw kafin ka zuba masa komai, kyauta ce. Amma in na 64GB ya nuna wajen 59 a kwamfuta, kar ka je ka shaƙe mai shago. Kamfani da 1000 yake lissafi, Windows da 1024.

8/ Filash ɗin da ya zaga kafe uku wajen buga takarda kuwa, Allah kaɗai ya san me ya kwaso. In ka ga fayilolinka sun koma masu ɗan kibiya, yawanci bairos ne ya ɓoye su, suna nan. Kar ka yi gaggawar goge filash ɗin.

9/ Mafita tsohuwa ce, 3-2-1 ake ce mata: kwafi 3, a ma'ajiya iri 2, 1 kuma nesa da kai. Misali laftof, filash, Google Drive. Filash da laftof a jaka ɗaya ba wuri biyu ba ne, ɓarawo ɗaya ya ishe su.

10/ Za a ce data ta yi tsada. Gaskiya ne. To ba fina-finai na ce ka ɗora ba. Furojet ɗin Word 'yan MB ne, bai kai bidiyon TikTok biyu ba. Google kuma 15GB yake bayarwa kyauta, haɗe da Gmail.

11/ Kar dai ka manta lambar sirrin, ka kuma sa lambar wayar da kake amfani da ita. Rumbun da makullinsa ya ɓata, na wani ne.

12/ Filash jakar kai saƙo ce, a yi amfani da shi a haka. Kafin ka kwanta yau, tura wa kanka babi na ɗaya zuwa na biyar ta imel. Minti biyu ne. Ka turo wannan ga abokin nan naka da ke cewa "ai yana filash". 😅