Latin: A Koya Mana Shi, Ko A Daina Sa Mu Karatun Aku

'Yan'uwa ɗalibai, mu da muka tashi a gidajen Katolika muna da wani ƙorafi da muka daɗe muna haɗiyewa, yau kuwa za mu amayar da shi. Tun muna ƙanana aka tsayar da mu gaban bagadi, aka sa mu haddace addu'o'i da waƙoƙin Latin, wanda ya yi tuntuɓen harshe ya sha bulala. Amma ba a taɓa zaunar da mu an ce ga ma'anar kalma kaza ba. Muka fito da baki cike, kai fayau. Wannan karatun aku ne, kuma ba mu yarda a kira shi tarbiyya ba.

Masu kare wannan al'ada suna cewa tsarkin ibada yana cikin harshen da ba kowa ke ji ba. To, su koma tarihi. Kiristocin farko na birnin Rum da Girkanci suke sujada. An koma Latin ne domin shi talakawa ke ji. A shekarar 382 Paparoma Damasus ya sa Jerom aikin gyara fassarar Linjila, aikin da ya kai ga Littafi Mai Tsarki na Latin da ake kira Bulgata, wato wanda ya game jama'a. Ashe Latin kansa ya shiga coci ne don mutane su gane. Saboda haka da Majalisar Batikan ta Biyu ta buɗe ƙofa ga harsunan jama'a a 1963, har tsohuwa a Shendam ko Kafanchan ta ji Misa da Hausa, ba a ci amanar magabata ba, sawunsu aka bi.

Sai dai muna da magana da ɗaya ɓangaren ma, wato abokanmu da ke ihu cewa Latin mataccen harshe ne, kayan Turawan mulkin mallaka, a jefa shi bola. Wa ya gaya musu na Turawa ne kaɗai? Tartuliyan, wanda ya kafa harsashin rubutun addinin Kirista da Latin, ɗan Kartaj ne, a ƙasar Tunisiya ta yau. Agustin, wanda ya rasu a 430, an haife shi a Tagast, ya yi bishop a Hippo, duka a Aljeriya ta yau. 'Yan Afirka sun yi tunani da Latin sama da shekara dubu kafin jirgin Bature ya tsaya a gaɓar Legas.

Batun mutuwa kuwa, ga misali. Ranar 11 ga Fabrairu 2013 Paparoma Benedik na 16 ya bayyana murabus ɗinsa da Latin. 'Yar jaridar Italiya da ta koyi harshen ita ta riga kowa ba duniya labari, saura suna jiran tafinta. Wanda bai iya harshe ba, abin da aka ga dama za a fassara masa. Ɗalibin shari'a, da na likitanci, da mai nazarin tsirrai, kullum suna cin karo da kalmomin Latin, suna haddacewa a makance kamar yadda muka yi muna yara.

'Yan'uwanmu Musulmi sun san bambancin nan sarai. Bayan haddar allo akwai karatun nahawu da lugga da tafsiri, kuma ba a kiran mutum malami sai ya bi ta nan. Mu me ya sa aka tsayar da mu a bakin ƙofa? Dokar ikilisiya ta 1983, sashe na 249, ta ce lalle masu shirin zama firistoci su ƙware a Latin. In haka ne, ilmin yana nan, rowarsa ake yi.

Buƙatarmu guda biyu ce. Duk addu'ar Latin da za a sa yaro ya haddace, a ba shi ma'anarta da Hausa ko da harshen uwarsa. Makarantun mishan kuma su koyar da nahawun Latin ga duk mai so, mace da namiji, ba 'yan makarantar firistoci kaɗai ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In ba za a koyar ba, a ajiye bulalar.